Kafin ka haɗa kanel da kanka, ka san abin da init ɗinka yake nema a wajensa

Duk wanda ya taɓa zama ya haɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin mai magana da na'urorin kwamfuta, da hannunsa ya san irin daɗin da ake ji in make ya gama ba kuskure, awa biyu ko uku kana gadin laftof, fanka na ta kuka, kana addu'ar kar a ɗauke wuta, can sai kaga ya rubuto maka bzImage is ready. To amma ɗan uwa gama kompayil ɗin nan rabin aiki ne, saboda kanel shi kaɗai ba ya baka wajen login, ba ya tada netwok, ba ya kunna maka komai, yana gama gano na'urorin da ke jikin kwamfutar ya ɗora faifan root sai ya kira furoses guda ɗaya tak ya damƙa masa ragamar, wannan shine init, mai lamba PID 1. In baka gaya masa wanda zai kira ba ta hanyar init= a layin butin, zai fara leƙa /sbin/init, in babu ya duba /etc/init, sai /bin/init, sai /bin/sh, in duk bai samu wanda ya tashi ba sai ya tsaya da Kernel panic yace No working init found. In kuwa akwai initramfs, wato ƙaramin root na wucin gadi da ake lodawa cikin RAM kafin na gaske, to /init na cikinsa yake fara kira.

Abin da nake so mu fahimta shine shi wannan init ɗin akwai kayan aikin da yake sa ran ya tarar kanel ya tanadar masa, kuma kowane init da nasa. In ka kashe ɗaya cikinsu a wajen saiti, kompayil ba zai ce maka uffan ba, sai ranar tashi zaka gani. Shi yasa nake ce wa duk wanda ya tambaye ni, tun kafin ka buɗe menuconfig, wato menu ɗin zaɓar saitin kanel, ka fara sanin waye PID 1 ɗinka. Ka buga wannan a tamina:

ps -p 1 -o comm=

In ya ce systemd shikenan, kana tare da mafi yawan mutane, Fedora ta koma kansa tun Fedora 15 a 2011, Arch a 2012, Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015. In ya ce init to sai ka ƙara bincike, a Gentoo yawanci sysvinit ne ke zaune a PID 1 yana kiran OpenRC, a Alpine kuma init ɗin busybox ne ke kiran OpenRC, Void kuma runit take amfani da shi, sunan da zai nuna maka kenan. Zan fi daɗewa a kan systemd don shi ne ya fi buƙatu kuma shi ne ya fi saurin tsayawa cak in an rage masa abu, na OpenRC zan kawo shi daga baya, bai da yawa.

Shawara ta farko, kar ka fara daga fanko. Akwai make tinyconfig da make allnoconfig, suna da amfaninsu ga masu ƙera ƙananan na'urori, amma in yau ka fara wallahi ka bar su, don kusan duk abin da zan lissafo a kashe suke zuwa. Ka ɗauko saitin kanel ɗin da kake kai yanzu wanda kasan yana tashi lafiya. A Debian da Ubuntu yana cikin /boot, sunan fayil ɗin config- sai lambar da uname -r ya nuna maka. A Arch da wasu distiro yana nan a /proc/config.gz:

zcat /proc/config.gz > .config
make olddefconfig

Shi olddefconfig zai cike duk sabbin zaɓuɓɓukan da tsohon saitin bai sansu ba da abin da masu kanel suka zaɓa, ba sai ya tsare ka da tambaya ɗari ba. In baka da ko ɗaya to make defconfig, a x86_64 ya riga ya kunna mafi yawan abin da systemd ke so. Inda aka fi samun matsala shine saitin da ke zuwa da ƙananan allunan ARM, da kuma lokacin da mutum ya shiga rage-rage don kanel ya yi sauƙi. Tunda muna maganar /proc/config.gz, ka kunna CONFIG_IKCONFIG da CONFIG_IKCONFIG_PROC a naka kanel ɗin ma, wata rana zaka so ka san me ka zaɓa wata shida da suka wuce kuma .config ɗin ya ɓata.

A cikin menuconfig kar ka wahalar da kanka da haddace inda komai yake, wuraren suna canzawa daga wannan fitowa zuwa waccan. Ka danna / ka rubuta sunan, misali DEVTMPFS, zai nuna maka inda yake, da abin da ya dogara a kansa a layin Depends on, da wanda ya tilasta kunna shi a layin Selected by, kuma akwai lamba a gefe, kana danna ta zai kai ka wajen kai tsaye. Layin Depends on ɗin nan ka riƙa karanta shi da kyau, zamu dawo kansa.

To mu fara da /dev. CONFIG_DEVTMPFS dole ne, babu ja-in-ja. Yana ƙarƙashin Device Drivers, Generic Driver Options. A da can /dev folda ce kawai da aka cika da fayilolin na'ura da hannu, daga kanel 2.6.32 a 2009 aka shigo da devtmpfs inda kanel da kansa yake ƙirƙirar /dev/sda ko /dev/tty1 da zarar direba ya ga na'urar. udev, shirin da ke kula da na'urori a wajen kanel, a yanzu ba ya ƙirƙirar waɗannan fayiloli, gyara musu izini yake yi da yi musu laƙabi irin /dev/disk/by-uuid, kaga kenan in babu devtmpfs babu abin da zai gyara. Akwai ƙaninsa a ƙasa, CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT, shi kuma yana sa kanel ya ɗora /dev da kansa bayan ya ɗora root. Bai shafi wanda yake tashi da initramfs ba, kuma systemd zai ɗora da kansa ko babu shi, amma ni ina kunna shi koyaushe, saboda ranar da abu ya lalace ka shiga da init=/bin/sh don gyara, zaka so ka tarar da faifanka a /dev ba sai ka fara laluben yadda zaka ɗora shi ba.

A wannan wajen dai akwai abubuwa da ake so a KASHE, mutane suna mantawa da wannan ɓangaren, suna zaton kunna komai shine zaman lafiya. CONFIG_UEVENT_HELPER tsohuwar hanyar hotplug ce, duk na'urar da ta bayyana sai kanel ya tada wani shiri daban, lokacin butin kuwa na'urori ɗaruruwa ne, yana jawo nauyi kuma yana rikita udev, ka kashe shi ko ka bar CONFIG_UEVENT_HELPER_PATH ba komai a ciki. CONFIG_FW_LOADER_USER_HELPER ma ka kashe, udev ya daina loda famwaya tun tuni, kanel ne ke ɗauko ta daga /lib/firmware da kansa. In kuma tsohon kanel kake haɗawa kaga CONFIG_SYSFS_DEPRECATED to ka nisance shi, udev ba ya aiki da wancan tsohon tsarin na sysfs, a sabbin kanel an cire zaɓin gaba ɗaya.

CONFIG_PROC_FS da CONFIG_SYSFS da CONFIG_TMPFS suna cikin File systems, Pseudo filesystems, duk ka tabbatar suna nan. systemd yana tashi abin da ya fara yi shine ɗora /proc da /sys da /dev da /run, in ya kasa sai ya rubuta Failed to mount API filesystems ya daskare a nan, ba login ba komai. Amma akwai ɗan ƙaramin zaɓi ƙarƙashin tmpfs da nake so ka kula da shi, CONFIG_TMPFS_POSIX_ACL, shi yake jawo CONFIG_TMPFS_XATTR ma. Kwamfuta zata tashi ba shi, matsalar sai ka shiga desktof ka kunna karatu ko bidiyo kaji shiru, ko kyamara ta ƙi buɗewa sai da root. Dalili kuwa logind, mai kula da masu login, da udev ta hanyar ACL, wato ƙarin izinin fayil ga mutum ɗaya-ɗaya, suke ba wanda yake zaune gaban kwamfutar izinin taɓa fayilolin sauti da kyamara a /dev, shi kuma devtmpfs a kan tmpfs yake zaune. Na ga wanda ya kwana biyu yana sauya direban sauti alhali direban lafiyarsa ƙalau. Haka nan ka kunna ACL na tsarin fayil ɗin da root ɗinka yake kai, CONFIG_EXT4_FS_POSIX_ACL in ext4 ne, journald, mai ajiye log na systemd, da shi yake ba kowane mai amfani damar karanta nasa log ɗin a /var/log/journal.

Yanzu cgroups, wato yadda kanel ke tara furoses garke-garke, nan ne zuciyar maganar. CONFIG_CGROUPS yana General setup, Control Group support. Injiniyoyin Google ne suka fara shi a 2006, ya shiga kanel 2.6.24 a 2008, sannan da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd a 2010 a kansa suka gina yadda ake bin diddigin sabis. Ka duba yadda ake yi a da: sabis ya tashi, ya haifi ɗa, ɗan ya haifi jika, uban ya mutu, sai a dogara da wani fayil da aka rubuta PID a ciki, in fayil ɗin ya yi ƙarya ko wani jikan ya sulale sai ka tsayar da sabis amma furoses ɗinsa na nan yana cin RAM. Shi systemd kowane sabis garke yake yi masa, duk abin da ya haifa yana cikin garken, babu mai fita, in aka ce tsaya kowa ya tsaya. Ka buga systemd-cgls a kwamfutar da ke aiki zaka ga garkunan da idonka, system.slice da user.slice da abin da ke ƙarƙashinsu. Saboda haka in babu CONFIG_CGROUPS systemd ba zai ma fara ba.

Wani abin da ke rikita mutane, babu wani zaɓi daban mai suna cgroup v2 da zaka je nema. Sigar ta biyu ta tabbata a kanel 4.5 a 2016 kuma CONFIG_CGROUPS ɗin nan ɗaya shi ke kawo duka biyun, wanda za'a ɗora kuma init ne ke zaɓa. Daga systemd 256 na 2024 an daina tashi da v1 kai tsaye, don haka duk wani tsohon rubutu da ya ce ka saka systemd.unified_cgroup_hierarchy=0 a layin butin ka yi hattara da shi.

Su kuma masu sarrafawar, wato controllers, da ke cikin menu ɗin Control Group support, masu systemd sun rubuta cewa zaka iya kashe su duka ya tashi, kuma gaskiya ne, amma ni ban ga hikimar hakan a laftof ko saba ba. Ga yadda nake kallonsu, kowanne akwai layin da yake raya wa a fayil ɗin sabis. CONFIG_MEMCG shi ke sa MemoryMax= ta yi aiki. CONFIG_CGROUP_SCHED da CONFIG_FAIR_GROUP_SCHED na CPUWeight= ne, CONFIG_CFS_BANDWIDTH na CPUQuota=, CONFIG_CGROUP_PIDS na TasksMax=, CONFIG_BLK_CGROUP kuma na rabon karatu da rubutun faifai. Abin tsoron shine in babu su sabis ɗin zai tashi lafiya lau, kai kana ganin ka ɗaure shi a megabait 500 ashe igiyar ba'a ɗaure take da komai ba, sai ranar da ya cinye RAM ɗin saba zaka sani. In kana amfani da Docker ko Podman kuwa duk suna buƙatarsu. CONFIG_CGROUP_BPF ma ka kunna tare da CONFIG_BPF_SYSCALL, don a v2 babu tsohon mai gadin na'urori, da BPF, wato ƙananan shirye-shiryen da ke gudu cikin kanel, ake aiwatar da DeviceAllow= da IPAddressDeny=. Sai CONFIG_PSI in zaka yi amfani da systemd-oomd.

Guda ɗaya a cikin wannan menu ka barshi a kashe, CONFIG_RT_GROUP_SCHED. In yana kunne duk garken da ba'a yanka masa kason lokaci na musamman ba furoses ɗin cikinsa ba zai samu fifikon realtime ba, kuma abubuwan sauti irin PipeWire suna neman wannan fifikon. Su kansu masu systemd shawarar da suka bayar kenan.

Bari in baka labarin da ya sa na fara ɗaukar wannan magana da muhimmanci. Shekarun baya ina da wata tsohuwar laftof mai RAM giga 2, na ƙudurta sai na rage kanel ɗinta iya ragewa, na kunna CONFIG_EXPERT, sai ga zaɓuɓɓuka da da a ɓoye suke sun bayyana, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kashe duk wanda ban ga amfaninsa ba. Cikinsu akwai wani mai suna open by fhandle syscalls, na karanta bayaninsa naga ana maganar sabar fayil, nace ni ba saba nake haɗawa ba, na kashe. Na yi ributin bayan isha'i, layukan OK koraye suna ta wucewa, can sai ta tsaya, wasu jajayen taurari suna kai da komo a gefen hagu, an rubuta A start job is running for sai sunan faifan /home, a ƙarshen layin kuma agogo yana ƙirga zuwa 1min 30s. Na zauna na kalli sakan 90 ɗin nan har suka cika, sai Timed out waiting for device, sai Dependency failed, sai ta jefa ni emergency mode. Abin da ya fi ɗaure min kai, da na buga ls /dev faifan yana nan, na ɗora shi da hannu ya ɗoru. Na zargi fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za'a ɗora, na zargi UUID, na zargi faifan kansa, sai washegari da na kwatanta sabon saitin da tsohon da scripts/diffconfig naga layin FHANDLE y -> n. Ashe libudev, wanda shirye-shirye ke jin labarin udev ta cikinsa, da wannan kiran yake aiki, babu shi systemd bai samu labarin cewa na'urar ta bayyana ba, yana ta jiran abin da ke gabansa. Na mayar da CONFIG_FHANDLE=y ta tashi tsaf.

Shi yasa nake cewa in ka kunna EXPERT, a bar kaza cikin gashinta. CONFIG_FHANDLE, CONFIG_EPOLL, CONFIG_SIGNALFD, CONFIG_TIMERFD, duk a kunne suke zuwa kuma an ɓoye su ne da gangan. systemd a zaune yake yana sauraron abubuwa da yawa lokaci guda, soket ya motsa, agogo ya cika, furoses ya mutu, epoll ne kunnen da yake jin su duka, signalfd da timerfd kuma su suke mayar da sigina da agogo su zama abin da epoll zai iya ji. Abin da zaka rage in ka cire su 'yan kilobait ne, bai kai ciwon kan ba. Haɗa da CONFIG_INOTIFY_USER a File systems wanda yake sanar da shi in fayil ya canza.

Sai netwok, ko da kuwa na'urar ba zata taɓa ganin intanet ba. CONFIG_NET da CONFIG_UNIX dole ne, saboda systemctl da journald da D-Bus da udev duk ta soket ɗin Unix suke magana da juna a cikin gida. CONFIG_IPV6 ana son shi, ka barshi ko kamfanin layinka bai baka IPv6 ba. A Namespaces support kuma CONFIG_NET_NS kamar na zaɓi yake amma a aikace dole ne, don sabis ɗin systemd da kansu irin systemd-localed suna ɗauke da PrivateNetwork= a fayil ɗinsu. CONFIG_USER_NS na PrivateUsers= ne, kuma burauza irin Firefox da Chrome suna amfani da shi wajen killace shafuka, ka kunna shi, sauran na UTS da IPC da PID ma ka barsu. CONFIG_SECCOMP da CONFIG_SECCOMP_FILTER su ke raya SystemCallFilter=, kariya ce da sabis da yawa suke zuwa da ita, babu dalilin cire ta.

Ƙananan da suka rage da sauri: CONFIG_AUTOFS_FS, a tsofaffin kanel AUTOFS4_FS ake kiransa, babu shi zaka ga ƙorafin /dev/autofs a log kuma x-systemd.automount a fstab ba zai yi aiki ba. CONFIG_DMIID don udev ya gane irin kwamfutar, da shi ake sanin maɓallan haske da ƙara na laftof kala-kala, da shi kuma ake gane ko cikin injin kwaikwayo ake. CONFIG_BLK_DEV_BSG don karanto lambar wasu faifan SCSI. CONFIG_KCMP ma ka barshi a kunne. In kwamfutarka UEFI ce to CONFIG_EFI_PARTITION da CONFIG_EFIVAR_FS, sannan kar ka manta ɓangaren EFI ɗin FAT ne, yana son CONFIG_VFAT_FS tare da CONFIG_NLS_CODEPAGE_437 da CONFIG_NLS_ISO8859_1, ko duk wanda ka saka a matsayin na asali a saitin FAT. In suka ɓace kanel zai ce codepage cp437 not found, /boot ya ƙi ɗoruwa, kuma in yana cikin fstab ba tare da nofail ba systemd zai kai ka emergency mode a kan wannan kaɗai.

Maganar y da m kuma, wato a gina abu cikin kanel ko a yi shi modul da ake lodawa daga baya, ka riƙe wannan: duk abin da ake buƙata kafin a iya karanta /lib/modules dole ya zama y, a gine cikin kanel, ko kuma ya kasance cikin initramfs. Direban faifai, AHCI ne ko NVMe, da tsarin fayil ɗin root, in ka maida su modul ba initramfs to makullin ɗaki ne ka kulle a cikin ɗakin, zaka ga VFS: Unable to mount root fs tun kafin a zo maganar init. In da initramfs kake, dracut ne ko mkinitcpio, ka kunna CONFIG_BLK_DEV_INITRD da irin matsewar da ya yi amfani da ita, CONFIG_RD_ZSTD ko CONFIG_RD_GZIP. Kuma root=UUID= aikin initramfs ne, kanel shi kaɗai bai san shi ba, irin su PARTUUID= ya sani, wannan ma ya kada mutane da yawa.

To ga na OpenRC da runit da sysvinit. Su rubutun shel ne ƙashin bayansu, fayilolin /etc/init.d na OpenRC da #!/sbin/openrc-run suke farawa, don haka CONFIG_BINFMT_SCRIPT, wato Kernel support for scripts starting with #! a Executable file formats, shine ransu. Ana iya yinsa modul, kar ka yi, y zaka bashi, don kafin modul ɗin ya lodu babu rubutun da zai gudu, kuma wanda zai loda shi ɗin shima rubutu ne. Wannan ya shafi duk initramfs ɗin da /init ɗinsa rubutun shel ne. Bayan shi sai proc da sysfs da tmpfs da soket ɗin Unix da CONFIG_FILE_LOCKING. cgroups ba dole bane ga OpenRC amma ya iya amfani da su, akwai rc_cgroup_mode a /etc/rc.conf inda zaka zaɓi unified. Abin da mutane ke mantawa shine ko ka guje wa systemd yawanci udev na nan tare da kai, don haka duk maganar DEVTMPFS da FHANDLE da INOTIFY da EPOLL da SIGNALFD da na yi a sama ta hau kanka. Inda abin ya juya shine mdev na busybox, ƙaramin madadin udev, in ana tafiyar da shi ta tsohuwar hanya inda ake rubuta /sbin/mdev cikin /proc/sys/kernel/hotplug, to shi CONFIG_UEVENT_HELPER ɗin da muka kashe saboda udev shi yake buƙata. Kaga dalilin da yasa kwafo saitin wani ba tare da sanin me yake gudanarwa ba yake da haɗari.

Masu Gentoo an sauƙaƙa muku. In gentoo-sources kuke amfani da shi akwai menu mai suna Gentoo Linux, a ciki akwai Support for init systems, system and service managers, zaɓi ɗaya na OpenRC da runit da makamantansu, ɗaya na systemd, kana kunna shi zai jawo abubuwan da ake buƙata ya kulle su yadda ba zaka iya kashe su bisa kuskure ba. Ba laifi ka kunna duka biyun in kana tunanin sauyawa. Kanel ɗin da ka sauke daga kernel.org bai da wannan menu, faci ne na Gentoo. Kuma in kana emerge ɗin systemd ka karanta saƙonnin da yake fitarwa, yana duba saitin kanel ɗinka ya ce maka wane CONFIG ne is not set when it should be.

In baka son yawo a menu, akwai scripts/config a cikin foldar kanel:

scripts/config --enable CGROUPS --enable MEMCG --enable DEVTMPFS --enable FHANDLE --enable CGROUP_BPF --disable RT_GROUP_SCHED
make olddefconfig

Nan ne maganar Depends on ta dawo. scripts/config rubutu kawai yake yi a fayil, bai san dogaro ba, shi kuma olddefconfig in ya ga ka kunna abin da uwarsa ke kashe sai ya share shi shiru bai gaya maka ba. Misalin da na baka a sama ma akwai tarko a ciki, CGROUP_BPF ya dogara da BPF_SYSCALL, in wancan a kashe yake layinka ya tafi. Don haka bayan olddefconfig, kafin ka ƙona awa uku da cajin batir, ka duba da idonka:

grep -E 'CGROUPS|MEMCG|CGROUP_BPF|DEVTMPFS|FHANDLE|CONFIG_UNIX|EPOLL|SIGNALFD|TIMERFD|INOTIFY_USER|NET_NS|SECCOMP|RT_GROUP' .config

Duk wanda kaga is not set ko baka ganshi ba sam alhali kana son shi, koma menuconfig ka danna / ka ga wanne cikin Depends on ɗinsa yake =n.

Ba'a fafe gora ranar tafiya, kafin ka girka sabon kanel ka bashi suna daban da CONFIG_LOCALVERSION, misali -gwaji1, don kar shi da modul ɗinsa su hau kan na tsohon, kuma ka tabbatar tsohon yana nan a menu ɗin GRUB, inda ake zaɓar kanel ɗin da za'a tashi da shi. In kana da injin kwaikwayo na QEMU ma ka fara gwada shi a can da -kernel arch/x86/boot/bzImage da kwafin faifai, sai dai can zai nemi direbobin virtio ko na faifan da QEMU ke kwaikwaya. A tashin farko ka danna e a GRUB ka goge quiet da splash don kaga komai, in ya maƙale ka ƙara systemd.log_level=debug, in ya ƙi gaba ɗaya ka gwada init=/bin/sh, in wannan ya baka shel to kanel da faifai lafiya, matsalar tsakanin kanel da init take, ka koma kan jerin da muka bi.

In kuma ya tashi har login kar ka tsaya nan, akwai waɗanda ba sa hana tashi. systemctl --failed zai nuna maka sabis ɗin da suka faɗi, journalctl -b -p warning zai nuna ƙorafe-ƙorafen wannan tashin, ka nemi kalmomi irin not supported da No such file or directory. stat -fc %T /sys/fs/cgroup ya kamata ya ce cgroup2fs, cat /sys/fs/cgroup/cgroup.controllers kuma ka ga cpu da io da memory da pids a ciki, wanda babu shi a nan to yawanci ba'a gina shi ba. Mai OpenRC kuma rc-status zai duba ya ga ko akwai wanda ya tsaya ko ya faɗi. Ka kunna sauti, ka soka filashi ka ga ko ya bayyana, ka rufe murfin laftof ka buɗe. In duk sun yi, ka kwafe .config ɗin nan ka ajiye shi wani waje da sunan lambar kanel ɗin, shi zaka ɗora wa olddefconfig in sabuwar fitowa ta zo.